Sa Ido a Kan Fasalin Kariya a Tashoshin Nukiliya: Darasi Daga Zariya da Fadamar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana aikin da hukuma mai sa ido take yi a kan fasalin na'urorin kariya na tashar lantarki ta nukiliya, watau tun tashar tana kan takarda, kafin a aza tubali ko ɗaya. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin manyan haɗarurrukan nukiliya da duniya ta gani an shuka su ne tun ranar zane, kuma ba abin da yake tsare al'umma daga irin wannan kuskure kamar hukumar da take da ilmi da iko da 'yancin ce wa mai gini a'a.

Har zuwa yau Nijeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya. Abin da take da shi shi ne ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da hukuma mai sa ido, da kuma niyyar gina manyan tashoshi nan gaba. Saboda haka za mu ɗauki misali na farko daga Zariya. Misali na biyu kuwa za mu ɗauko shi daga fadamar Kogin Haɗejiya. Ba wanda ya yi shirin kafa tashar nukiliya a can, amma mutanen wannan kwari sun fi shekara 50 suna zaune a ƙarƙashin manyan madatsun ruwa, sun kuwa san abin da yakan faru idan ruwa ya wuce iyakar da injiniya ya zata masa. Wannan tambaya ta iyakar ruwa tana cikin manyan tambayoyin da hukumar nukiliya take yi wa mai fasali.

2.0 Ayyuka Uku na Na'urorin Kariya

Tashar nukiliya tana samun zafi ne daga tsagewar ƙwayoyin yuraniyom a cikin tukunya. Zafin yakan tafasa ruwa, tururin ya juya injin, injin ya ba da lantarki. Duk na'urorin kariya, kome yawansu, ayyuka uku suke yi. Na farko, kashe tukunya nan take idan wani abu ya karkace, ta hanyar tura sandunan linzami a tsakanin sandunan mai. Na biyu, sanyaya tukunya. Na uku, tsare gubar da ke ciki kada ta fita ta sami mutane da ƙasa da ruwa.

Aiki na biyu shi ne ya bambanta wannan tasha da sauran tashoshi, ya kamata kuma mu ɗan tsaya a kansa. Idan aka rufe gas a tashar gas, wuta ta mutu ke nan. Tukunyar nukiliya kuwa, ko an kashe ta, tokar da ke cikin man tana ci gaba da fid da zafi. A daƙiƙoƙin farko wannan zafi yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na cikakken ƙarfin tukunyar, bayan kwana guda ya sauko zuwa wajen rabin kashi ɗaya. Alal misali, tukunyar da ke ba da megawat 1,200 na lantarki tana fid da zafi na wajen megawat 3,200. Ke nan a lokacin da aka kashe ta akwai sauran zafi na kimanin megawat 200 da dole a kwashe. Kwashe shi yana bukatar famfo, famfo yana bukatar lantarki da ruwa. In ɗayansu ya yanke na tsawon sa'o'i, man zai narke.

3.0 Abin da Hukuma Take Dubawa a Fasali

Mai neman izinin gini yakan miƙa wa hukuma babban rahoto na nazarin kariya, inda zai jera duk wata masifa da yake zaton za ta iya aukuwa, kamar fashewar bututu, da gobara, da girgizar ƙasa, da ambaliya, da ɗaukewar lantarki, sa'an nan ya nuna da lissafi yadda tashar za ta tsira daga kowacce. Iyakar masifar da ya yarda zai yi tanadi dominta ita za mu kira harsashin fasali. Aikin hukuma shi ne ta bi wannan rahoto da nata ƙwararru, ta sake lissafin da kanta, ta kuma auna shi da waɗansu ƙa'idoji waɗanda kusan kowaccensu an koye ta ne bayan an sha wuya.

Ƙa'ida ta farko ita ce kariya hawa-hawa, kamar garin da aka yi wa ganuwa da gwalalo da ƙofofi. Man yana cikin bututun ƙarfe, bututun yana cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, tukunyar tana cikin ƙubbar kankare. Kowane hawa ana gina shi ne da zaton na gabansa zai iya gazawa.

Ta biyu ita ce yawaita na'ura. Duk na'urar da rai ya rataya a kanta sai a yi ta biyu ko uku ko huɗu, yadda lalacewar guda ba za ta hana aiki ba.

Ta uku ita ce raba su da bambanta su, domin na'ura huɗu da suke ɗaki ɗaya, wuta ɗaya ko ruwa ɗaya ya isa ya kashe su gaba ɗaya. A ranar 22 ga Maris 1975, a tashar Browns Ferry ta Jihar Alabama a Amurka, ma'aikata suna neman inda iska ke yoyo da kyandir, sai wuta ta kama, ta cinye wayoyi fiye da 1,600. Da yake wayoyin na'urorin asali da na ko-ta-kwana hanya ɗaya suka bi, duk suka tafi tare. Daga nan ne dokokin raba wayoyi da katangun hana gobara suka tsananta.

Ta huɗu ita ce na'ura ta gaya wa mai aiki gaskiya. A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island ta Jihar Fensilbaniya, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya yana ta zuba. Fitilar da ke gaban ma'aikata kuwa an haɗa ta ne yadda za ta nuna an aika wa bawul umurnin rufewa, ba ta nuna ko ya rufu. Ma'aikata suka gaskata fitila, suka rage ruwan gaggawa, wajen rabin man tukunyar ya narke. Ƙubbar kankare ce ta tsare yawancin gubar.

Ta biyar ita ce tukunya ta zama mai ladabtar da kanta, watau in ta yi zafi ƙarfinta ya ragu da kansa. Tukunyar Carnobil, wadda ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, akasin haka take a wasu yanayi, ga shi kuma an yi wa sandunan linzaminta baki na gawayin girafait, wanda yakan ƙara ƙarfin tukunya na ɗan lokaci sa'ad da sandunan suka fara shiga. An gano wannan aibi tun 1983 a tashar Ignalina ta Lituwaniya, amma ba a gyara shi ba sai bayan da ɓarna ta auku.

4.0 Misalin Zariya

Dokar da ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, mai aikin haɓaka wannan fanni, ta fito ne a 1976, ko da yake hukumar ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. Dokar kariya daga haɗarin nukiliya kuwa ta fito a 1995, hukuma mai sa ido da ta tanada, watau NNRA, ta fara aiki a 2001. Babban gwajinta na farko shi ne ba da lasin ga tukunyar bincike da ake kira NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horarwa Kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙirar ƙasar Sin ce, aka kunna ta karo na farko ranar 3 ga Fabrairu 2004. Ba ta ba da lantarki. Ana amfani da ita ne wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da tsirrai da abinci, da kuma koyar da ɗalibai.

Fasalin wannan tukunya ya dace da ƙa'ida ta biyar ƙwarai. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne kurum, kwatankwacin butocin lantarki 15. Tana nutse a cikin ruwa, ruwan da ya yi zafi ya taso sama, mai sanyi ya maye gurbinsa daga ƙasa, ba tare da famfo ya tura shi ba. Sandar linzami ɗaya take da ita. An taƙaita rarar ƙarfin da ke cikin man tun daga masana'anta, yadda ko da an zare sandar gaba ɗaya, zafin ruwan zai danne ƙarfin kafin man ya lalace. Saboda haka babban abin da hukuma za ta tsare a nan shi ne kada wani ya taɓa wannan iyaka ba da izininta ba, ko ta ƙara mai, ko ta canja abin da ke kewaye da shi.

Ranar canji kuwa ta zo. Man farko yuraniyom ne da aka tace har kashi 90 cikin 100, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun masu neman makami. A 2018 aka musanya shi da wanda aka tace kashi 13, aka mai da tsohon zuwa ƙasar Sin a watan Disamba na shekarar, kamar yadda Gana ta yi da irin wannan tukunya tata a 2017. Sauya mai sauya fasali ne, don haka sai da aka sabunta nazarin kariya, aka kuma nemi amincewar hukuma. Darasin da ke nan shi ne, lasin ba takardar gado ba ce. Duk ranar da aka taɓa wani abu a harsashin fasali, sai an koma gaban hukuma.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Tukunyar da ake shirin kafawa a babbar tasha ta ninka ta Zariya kimanin sau 100,000 wajen zafi, ba ta kuwa iya sanyaya kanta a cikin ɗan tafki. Wanda ya iya riƙe linzamin jaki ya sami mafarin ilmi, amma da sauran koyo kafin ya hau ingarma.

5.0 Ruwa da Harsashin Fasali

Yanzu sai mu juya ga fadamar Haɗejiya. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wanda yake bi ta Wudil da Ringim da ƙasar Auyo da Haɗejiya, ya bazu a dausayin Haɗejiya da Nguru, daga bisani ruwansa ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa, su nufi Tafkin Cadi. A da, cikowar kogin a watannin Agusta da Satumba ita ce arzikin wannan ƙasa: shinkafa, da su, da kiwo, da noman rani a kan laimar da ruwa ya bari. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, a 1992 kuma aka kammala ta Calawa. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take gudanar da su.

Abubuwa uku wannan kwari ya koya mana, dukkansu kuwa sun shafi mai duba fasalin tashar nukiliya. Na farko, gini yana iya gazawa. A watan Agusta 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, kamar yadda ta Alau ta yi ta mamaye Maiduguri a watan Satumba 2024. Na biyu, ko gini bai gaza ba, ruwan da ya fi ƙarfin madatsa dole ya wuce ƙasa, kamar yadda aka gani a 2001 sa'ad da ruwan Tiga da Calawa ya ci garuruwa da gonaki a jihohin Kano da Jigawa. Na uku, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne kogi da kansa yana canjawa bayan an gama zane. Da aka riƙa sakin ruwa rani da damina, sai ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ta haɗu da yashi da laka ta toshe hanyoyin ruwa, har ruwa ya riƙa kwana a gonakin da a da ba ya kwana, yana ƙaurace wa waɗanda a da yake ciyarwa. Taswirar da injiniya ya yi aiki da ita a 1974 ba ita ce kogin yau ba.

Waɗannan abubuwa uku su ne suka sa ake bukatar hukumar nukiliya ta tambayi mai fasali: daga ina ka samo adadin da ka ce ruwa ba zai wuce ba? Shekara nawa ne tarihin awon da ka dogara a kansa? Ka lissafa ɓallewar madatsar da ke samanka? Su ne kuma suka sa ƙasashe da yawa suke tilasta wa kowace tasha ta sake nazarin kariyarta duk shekara 10.

Tashar Fukushima Daici ta Japan ita ce shaidar abin da rashin wannan tambaya yake jawowa. An gina ta ne da zaton igiyar teku ba za ta wuce mita 3.1 ba, aka ɗaga adadin zuwa mita 5.7 a 2002. A 2008 lissafin da aka yi a cikin kamfanin da kansa ya nuna igiya tana iya kai mita 15.7, amma ba a yi aiki da shi ba. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta yanke lantarkin waje, tukwane suka kashe kansu yadda aka tsara, janaretoci suka tashi. Sa'an nan ruwa ya hau kimanin mita 14 zuwa 15, ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda yawancin janaretoci da allunan rarraba wuta suke. Tukwane 3 suka narke, mutane fiye da 150,000 suka bar gidajensu. Tashar Onagawa, wadda ta fi kusa da cibiyar girgizar amma aka gina ta a tudu mai tsayin mita 14.8, ta tsira.

A wannan shekara dai aka ga ɗaya fuskar. Tashar Fort Calhoun ta Jihar Nebraska tana bakin Kogin Mizuri ne, a ƙarƙashin jerin manyan madatsu, watau zamanta ya yi kama da na garuruwan fadamar Haɗejiya. A 2010 sufetocin hukumar Amurka suka gano tanadinta na ambaliya bai kai yadda ake bukata ba, suka tilasta a gyara. A watan Yuni 2011 aka saki ruwa mai yawa daga madatsun, kogin ya kewaye tashar kamar tsibiri. An yi sa'a tukunyar tana kashe tun Afrilu domin sauya mai, amma gyaran da sufetoci suka tilasta ya taimaka wajen tsare na'urorin sanyaya.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Wuraren da aka zaɓa domin tashoshin Nijeriya su ne Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom, a 2017 kuma aka sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. Geregu tana kusa da Kogin Kwara, kudu da Lakwaja inda Kwara da Binuwai suke haɗuwa. A samanta akwai madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, da ta Lagdo a Kamaru wadda ba ta ƙarƙashin ikonmu. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna abin da wannan mahaɗa take iya yi.

6.0 'Yancin Hukuma

Duk ƙa'idojin da muka jera ba su da amfani in mai tilasta su yana cin abinci a hannun wanda yake dubawa. Amurka ta fara da hukuma ɗaya mai haɓaka nukiliya kuma mai sa ido a kansa, sai da suka ya yi yawa aka raba ta da dokar 1974, sabuwar hukuma mai sa ido ta fara aiki a watan Janairu 1975. A Japan, hukuma mai sa ido tana ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu ne, wadda ita ce mai tallata nukiliya. Kwamitin da majalisar dokokin ƙasar ta naɗa ya yanke a 2012 cewa masifar Fukushima aikin ɗan Adam ce, kuma masu tashoshi sun rinjayi masu duba su. A watan Satumba na shekarar aka rushe hukumar aka kafa sabuwa a wajen wannan ma'aikata. Yarjejeniyar Kariyar Nukiliya ta 1994, wadda Nijeriya take cikinta, ta wajabta wannan rabuwa a sashenta na 8.

A takarda, Nijeriya ta raba hukumomin biyu. Sai dai 'yanci yana da ƙafa uku kamar murhu. Akwai na doka, watau ikon hana lasin da rufe tasha ba tare da wani ya soke hukuncin don siyasa ba. Akwai na kuɗi, watau kasafin da ba ya jiran yardar wanda ake dubawa. Akwai na ilmi, wanda ya fi wuyar samu. Ƙasar da ta sayi tasha daga waje takan karɓi fasali da lissafi da horarwa duk daga hannun mai sayarwa. In ba ta da injiniyoyinta da masana ruwanta da za su sake lissafin, to sa hannunta sheda ce kawai ta abin da ba ta gani ba. Mai ƙera tukunya ya san tukunyarsa, amma bai fi mu sanin Kwara da Binuwai ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa na'urorin kariya ayyuka uku suke yi, kuma ingancinsu ya rataya ne a kan harsashin fasali da a kan wanda ya duba shi. Bisa ga haka muna ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a ƙarfafa hukuma mai sa ido da ma'aikata da kuɗi shekaru kafin a karɓi takardar neman izinin gini, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, jami'o'inmu su ɗauki awon koguna da adana tarihinsa a matsayin aikin kariya, su haɗa da abin da dattawan bakin kogi suka sani na inda ruwa ya taɓa kaiwa, tun da tarihin awo a ƙasarmu gajere ne. Na uku, a bayyana wa jama'ar da ke kusa da kowace tasha hukuncin hukuma da dalilansa, cikin harshen da suke ji. Na huɗu, a ari wannan tsari na mai dubawa dabam da mai gudanarwa, da sake nazari lokaci-lokaci, a yi aiki da shi a kan madatsun ruwanmu tun yanzu. Manomin shinkafa a Auyo da masunci a Guri ba su da tashar nukiliya a kusa da su, amma suna da Tiga da Calawa a samansu, hakkinsu ne kuwa su san wanda ya duba lissafin. Ƙasar da ta saba yi wa madatsunta wannan tambaya ita ce za ta iya yi wa tashar nukiliya ita ranar da aka kawo mata zane.